Ranar da Datti Ya Kira Muhammadu

"Wallahi in ka kira shi gobe, Allah ya isa tsakanina da kai!"

Muryar Kaltume ce ta ratso bango. Kulu tana tankaɗe a ɗakinta, ta ajiye rariya. A gidan hayarsu na Kawo bango ɗaya ya raba ta da ɗakin Datti Sankira da matarsa Kaltume.

"Ke, filin dambe ba tsakar gidanku ba ne," in ji Datti. "Ƙato ya taso tun daga Gummi, ya ce Muhammadu yake so. In ce masa me?"

"Ka ce idonsa na hagu ya mutu! Ko ba ka sani ba?"

"Na riga matarsa sani."

Matar ita ce Kulu. Tun damina take ɓoye maganar idon nan, ashe a banza.

Datti Bazazzage ne, ya shigo Kaduna shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Ɗan tsurut ne, bai taɓa ɗaure hannu ba, amma duk Lahadi bayan la'asar, in leburorin reluwe da akawuna sun cika fili, babu damben da ake farawa sai ya buɗe baki. Shi ke haɗa mutum da abokin karawarsa, shi ke wasa kowa da kirarinsa. Wanda kuwa aka yi wa kirari, kalangu ya ɗauki takensa, dole ya fito. In ya zauna, washegari ko tsire ya kasa a kasuwa sai an yi masa dariya.

Kullum da safe Datti na kwata, ba ya sayen ko hanji. Tsayawa yake yana kallon mahauta: wa ke ɗingishi, wa ke ɗaga cinyar sa da ƙyar. A nan ya ga Muhammadu na juya kai gaba ɗaya in an gaishe shi ta hagu.

Kulu ta san abin da naushin da ba a gani ba ke yi. Ta roƙi mijinta kada ya fita, ya ce ta kawo masa zarensa na ɗaure hannu.

Ranar Lahadi ta zauna a bakin murhu da ƙwaryar gari a cinya, ba ta hura wuta ba. Filin ba nisa, muryar Datti kuwa har ƙarshen unguwa take kaiwa. Ta ji an kira yara biyu, an kira wasu. Sai kalangu ya juya.

"Ina Muhammadu guduma? Na Kawo, mai kwantar da ƙato ba tabarma! Wanda gwiwarsa ba ta san ƙasa ba!"

Fili ya ɗauki ihu. Kulu ta dafe ƙirji.

"Tsaya nan tsakiya, kowa ya gan ka. Baƙo, ka makara! Jama'a ku shaida, daga yau Muhammadu ya wuce a kira shi dambe. Shi ne uban fili, shi ke raba ku, shi ke cewa an yi kisa. A kwance masa hannu!"

Kiɗa ya tsaya cak, sannan ihun ya dawo ya fi na farko. Sai a lokacin Kulu ta ga gari ya zube mata a zane tun ɗazu. Ta tashi ta hura wuta.

Muhammadu ya dawo yana faɗa. Wai Datti ya cuce shi, bai shawarci kowa ba, Sarkin Pawa ma a fili ya ji, ganin jama'a sun karɓa ya ɗaga hannu kawai.

"Da an bar ni, a turmin farko zan gama da shi!"

"Haka ne, maigida," in ji Kulu, tana ƙara masa tuwo. Ya cinye, ya nemi ƙari.

Bayan magariba ta tarar da Datti a ƙofar ɗakinsa yana cire takalmi. Ta durƙusa.

"Malam Datti, Allah ya saka da alheri. Ka ji tausayinmu."

Ya dube ta, muryarsa duk ta dishe.

"Tausayin wa? Tashi, Kulu. Kirarin nan ni na yi shi, duk Kaduna babu kamarsa. Haka kawai in bar wani Bagumme ya mayar min da shi ƙarya?"