Ranar da Hannun Ƙawata Ya Yi Rawa

Ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ranar da hannun ƙawata ya yi rawa a kan allura ba za ta bar kaina ba. Lokacin ina aikin jinya a ɗakin yara na wani asibiti a nan Damargu. Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna, sauro ya samu gari. Gado ɗaya yara biyu, wani har uku, uwaye a kan tabarmi har bakin ƙofa. Abinci a tsaye muke ci, in ma mun samu mun ci.

Ƙawar nan tawa 'yar wajen Falanko ce. Ba ta da yawan magana, amma Allah ya ba ta hannu. Jijiyar da ta ɓuya wa kowa, ita da ta shafa sai ta fito, har nakan tsokane ta in ce da yatsu take gani. Mun san mijinta, mun san 'yar da take goyo, muka ɗauka iyakar iyalin ke nan.

Bayan azahar aka kawo wani yaro a amalanken jaki, zai kai shekara bakwai, wata tsohuwa na tallabe da kansa. Masassarar cizon sauro ta hau masa kai. Jiki zafi rau, idanu sun kafe sama, yana ta fizge-fizge, tafin hannunsa fari fat. Majo, wato shugabanmu, ya duba shi ya ce maza a sa masa ruwa, don ta nan magani zai shiga. In ba a samu jijiya da wuri ba, yaron ba zai kai magariba ba. Ya ƙwala wa ƙawata kira, don wa za a kira in ba ita ba?

Ta zo da saurinta, sai na ga ta yi turus a bakin gado. Ta ɗaure masa hannu da roba, ni na danne ƙafafunsa. Ta soka, ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Na ɗaga kai na ga gumi na ɗiga daga haɓarta, allura na kaɗawa a yatsunta, kuma ta ƙi kallon fuskar yaron sam.

“Madam, yau lafiya?” in ji majo. “Yaro na tafiya fa!”

“Lafiya lau,” ta ce, ta miƙa hannu za ta ɗauki wata allurar.

Nan tsohuwar ta jawo gefen rigata, ta raɗa mini a kunne: “'Yata, ku ɗauke ta daga nan don Allah. Na farinta ne. Ni na yaye shi, a ɗakina ya tashi.”

Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta nuna nata ne a gaban jama'a. Amma ban taɓa zaton za ta biyo mace har bakin gadon asibiti ba. Ga ɗanta yana shure-shure a hannunta, bakinta ya kasa cewa “nawa ne, wata ta karɓe ni.” Wallahi raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba.

Na ce mata, “Kin gaji, kawo,” na zare allurar daga hannunta. Ta fita ba ta waiwayo ba. To, ga ni ga yaro, kuma ni ba gwana ba ce kamarta. Jijiyoyin hannu sun riga sun fashe. Na koma ƙafa, ina shafawa ina salati, tsohuwa na “Ya Allahu, ya Allahu” a bayana. Da na ga jini ya leƙo cikin allura, sai na ce wa majo an samu. Majo ya tura magani, muka tsaya muna kallon ƙirjin yaron yana hawa yana sauka.

Na ja majo gefe na gaya masa. Dattijo ne ɗan ƙasa, ya saurare ni yana shafa gemu. Na zaci zai ce ta tafi gida. Sai ya aika a kira ta. An same ta bakin famfo tana ta wanke hannun da ba shi da datti.

Da ta shigo, ya ɗaure fuska kamar abin gaske ya ce, “Madam, yau an ɗauke miki sauran gadaje. Ki zauna nan ki tsare mini ruwan nan, kada ki matsa sai na ce. Aiki ne na ba ki.”

Ta jawo kujera ta zauna, idonta a kan robar ruwa kamar yadda aka umarce ta. Mu muka raba aikinta, ba wanda ya yi ƙorafi. Da na zo wucewa, na hango hannunta a ƙarƙashin zanen da aka lulluɓe yaron da shi, tana riƙe da ƙafarsa. Na kawar da kai na wuce.

Rana ta yi ja kafin fizgar ta lafa. Yaron ya buɗe ido, ya dube ta, ya ce, “Yaya, ruwa.” Ashe haka yake kiranta. Ta tashi za ta ɗebo, sai kukan da ta danne tun azahar ya ƙwace mata. Tsohuwa ta dubi bango, majo ya ce yana da aiki a waje.

Yau yaron ya zama saurayi, yana noma da kawunnansa. Ni kuma tun ranar na koyi cewa mai ba da magani ma yakan shigo da nasa ciwon, kuma ba kowa ne bakinsa zai iya faɗa ba. In na ga hannun abokiyar aiki yana rawa, ba na jiran ta roƙa. Karɓar allurar nake yi, in jawo mata kujera.