Ranar da Na Cire Wayar Lasifika

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce na tona abin da ya kamata ya bi mai shi kabari. Amma akwatin amfilifayar nan yana ƙarƙashin teburina a Damba, nan Gusau, kullum sai ƙafata ta taɓa shi, don haka gara in faɗa.

Gyaran rediyo na koya a Gusau wajen wani dattijo da muke kira Baba. Tun a lokacin kowa ya koma ƙananan kaya, shi kaɗai ya riƙe bawul, kwalaben nan da ke yin ja idan sun ɗauki zafi. Bayan ya tsufa ya koma gida Bungudu, sai mutanen wani ƙauye suka roƙe shi amfilifayar da za ta kai muryar liman ƙarshen filin Idi. Ya aiko aka kira ni.

A ƙasa ya zana mini ita da tsinke. Bawul huɗu, biyu nan, biyu can.

"Ka taɓa ganin mata biyu suna daka a turmi guda?" in ji shi. "Wagga ta ɗaga, waccan ta sauke. Haka za su yi. In ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, tsaki za ka ci, ba gari ba."

Na ce, "Baba, in suka fashe fa?"

"Kai dai sarkin fargaba! Ko kaza aka ba ka riƙo sai ka tambaya ko tana da cizo."

Turmin shi ne taransifomar da ke karɓar aikinsu ta miƙa wa lasifika. Ba a sayar da irinta. Da hannunsa ya naɗa mata waya, yana shimfiɗa takarda tsakanin layi da layi, leɓensa na motsi yana ƙirga. Wata guda ya yi, don hannun ya fara rawa. Yawan naɗin bai taɓa rubuta shi ba. Da na tambaya cewa ya yi, "In ta yi magana, ka zo in gaya maka."

Na kawo ta Gusau a kan cinyata. Sauran haɗin ni na yi, kowace dalma sai na duba ta sau uku. Ranar da na gama, da hantsi, sai ga shi an yi rasuwa a gidan da ke jikin shagona. An shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofata. Na kasa haƙuri in jira, na kuma kasa yarda in tayar wa masu zaman makoki da ƙara. Sai na cire wayar lasifika. A ƙananan amfilifayoyin da na saba gyarawa, yin haka ba komai ba ne. Na sa kaset, na murɗa ƙara har ƙarshe, ina kallon bawul suna ja, ina jin daɗi.

Wani ɗan tas-tas na fara ji daga cikin taransifoma, sannan ƙauri. Kafin in kai hannu hayaƙi ya fito.

Daga baya na gane. Mai bawul idan ba ta da inda za ta zuba ƙarfinta, cikinta take ci. Baba bai taɓa faɗa mini da baki ba, don shi ba da baki yake koyarwa ba. Amma shekara da shekaru ina ganinsa yana ɗaura lasifika kafin ya taɓa makunni, ko gwajin minti ɗaya ne. Na ɗauka tsari ne kawai na tsofaffi.

Sau biyu na je tasha zan shiga motar Bungudu, na dawo. Baba ya aiko yana tambaya, na ce saura kaɗan. Mutanen ƙauyen suka yi Idinsu da aron kaya. A karo na uku da na shiga motar, gaisuwar rasuwarsa na je. Matarsa ta ce mini, "Kullum sai ya ce, ko ta yi magana?"

Na gwada warware naɗin in ƙirga. Tsakiyar ta narke ta zama dunƙule, wayar tana tsinkewa a hannuna.

Abu ɗaya ya rage. Baba ya taɓa ce mini ya yi wata amfilifaya irinta sak tun yana da ƙarfi, wani mai shela a kasuwar Tsafe ya ɗauka, daga baya aka ce ta koma wajen 'Yankuzo. Akwatin katako ne mai fentin kore, da hannun ɗauka na fatar sirdi, an huda murfinsa da ƙusa don iska. Duk wanda ya san inda take, ko ta mutu, ko kaji ke kwana a kai, don Allah ya sanar da masu gyaran rediyo na kasuwar Gusau, saƙon zai iso ni. Ba zan raba shi da ita ba. Aunawa kawai zan yi, in kuma ya yarda, in ƙirga naɗin taransifomarta a gabansa.