Allurar Ruwan da Na Yi wa Baba Isiyaku

Ba zan faɗi sunana ba, don kunyar da na jawo wa iyayena ta ishe su. Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Tsanyawa da Kunci, inda gona ke manne da gona, kowa ya san kakan kowa. Mahaifina manomi ne, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarmu idan liman ya yi tafiya. Na taso ba a san ni da ɗauke-ɗauke ba. Ko goruba na tsinta a gonar wani sai na tambaya.

Da na gama sakandare na tafi makarantar koyon aikin lafiya. Ni ne na farko a garinmu da ya yi wannan karatu. Da na dawo aka ɗauke ni aiki a ƙaramin asibitin garin, mai ɗaki uku da rumfa. Mutane suka riƙa kirana Likita, ko da yake ni ba likita ba ne. Tsofaffin da suka goye ni su ne suke cire takalmi a ƙofar ɗakina. A cikinsu har da Baba Isiyaku, maƙwabcinmu kuma aminin mahaifina. Shekarar da ciwon baya ya kwantar da mahaifina, shi ya nome mana gonarmu tare da 'ya'yansa, bai karɓi ko dami ɗaya ba.

Shugaban asibitin, wanda muke kira Incaj, sunansa Malam Sabi'u. Daga birni aka turo shi. Mutum ne mai fara'a da iya magana, kuma ya ja ni a jiki tun ranar farko. Kwano ɗaya muke cin abinci. Shi ya koya mini neman jijiya a hannun jariri, shi ya tsaya mini a bikina kamar wana. Da matata ta haihu, sunansa na raɗa wa yaron. Ya miƙa mini makullin ɗakin magani, ya ce ai shi bai yarda da kowa ba sai ni.

Abin ya fara ne da gidan sauro. An yi rabo, wasu suka rage, sai Incaj ya ce in kai su wurin wani mai kemis a kasuwa maimakon su ruɓe a sito. Da na nuna shakka ya yi dariya, ya ce albashi ba ya zuwa a kan lokaci, kuma wanda ya riƙe kan saniya ba a hana shi nono. Na kai. Abin da na samu na sayi shinkafa da shi, matata ta yi murna, babu wanda ya mutu.

Daga nan muka koma kan abincin yara masu tamowa, wannan mai kama da tunkuza da ake bayarwa kyauta a 'yar leda. Uwa za ta zo da ɗanta, ƙafafunsa kamar karan dawa, in ba ta rabin abin da ya kamata, in ce iya abin da aka aiko ke nan. Ta durƙusa ta yi mini godiya, ta sa mini albarka. Da farko wannan godiya tana hana ni cin abinci. Daga baya na daina jin ta. Na sayi babur, na yi wa ɗakina silin, mutane suka ce aikin asibiti ya karɓe ni.

Garinmu yana fama da kububuwa, musamman lokacin cirar gyaɗa. Bayan an rasa mutane a wata damina, 'yan garinmu da ke neman kuɗi a birni suka haɗu a ƙungiya suka sayi maganin dafin maciji. Magani ne mai tsada ƙwarai. A gaban mai gari da liman aka kawo shi, aka yi addu'a, aka sa a firjin asibiti. Ni aka damƙa wa. Mun yi amfani da kaɗan a kan mutane biyu, suka tashi.

Wata rana da hantsi, babu kowa a rumfa, Incaj ya kira ni ofishinsa. Ya ce mai kemis ya sami mai sayen maganin. Ya ce in kwashe na gaskiyar in kai masa, in cika tsofaffin kwalaben da ruwan allura in jera a firji, don idan 'yan ƙungiya suka zo dubawa su ga kaya. Na ce masa wannan fa rai ne. Ya ce yawancin sara ba ya zuwa da dafi, mutum kan warke da kansa, kuma kafin kaka zai sa a kawo wani daga birni mu mayar. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ko ka taɓa ganin na jefa ka a rami?"

Da hannuna na cika kwalaben. Da babur ɗina na kai na gaskiyar. Kaka ta zo, ba a mayar da komai ba.

Ranar wata Laraba, rana ta fara zafi, aka shigo da Baba Isiyaku a kan babur, ɗansa Nura yana riƙe da shi ta baya. Ya sa hannu zai ɗaga harawar gyaɗa, kububuwa ta sare shi. Hannun ya fara kumbura. Nura ya ce ya riga ya yi magana da mai mota, yana so a wuce da shi babban asibiti kai tsaye, ya biyo ne kawai don in raka su.

Da na ce a tafi, da yau ba na wannan rubutu. Amma Incaj ya ja ni gefe, ya ce idan muka bari suka tafi alhali gari ya san akwai magani a firji, za a tambayi dalili. Na dawo na tsaya a bakin gadon. Baba Isiyaku ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya ce:

"Nura, sallami mai motar. Ina za mu je, ga ɗanmu a nan?"

Na buɗe firji. Na zuƙi ruwa daga kwalba na zuba a cikin ledar ƙarin ruwa, na ɗaura masa. Yana ta yi mini addu'a, yana cewa Allah ya yi wa karatuna albarka. Na zauna ina kallon ruwa yana ɗiga cikin jijiyarsa, ina roƙon Allah ya sa saran nan marar dafi ne.

Kafin la'asar jini ya fara fita daga dasashinsa. Na ce a ƙara haƙuri, magani yana aiki. Na ƙara masa wata kwalbar. Washegari da safe, da ya fara aman jini, Nura bai ƙara tambayar kowa ba, ya ɗauke shi. Sun isa asibitin birni da ransa, amma bai kai azahar ba.

Likitan da ya karɓe su ya gaya wa Nura cewa jinin mahaifinsa bai nuna alamar an ba shi maganin dafi ba ko kaɗan. Bayan sadakar uku Nura ya zo da 'yan ƙungiya, suka ce in buɗe firji. Suka tafi da sauran kwalaben aka gwada. Ranar da 'yan sanda suka zo, ina tsaka da auna wata jaririya a sikeli.

A ofishin 'yan sanda ban ambaci sunan Incaj ba, don ya aiko mini cewa in daure, yana nema mini lauya. Na daure. Lauya bai zo ba. Ranar shari'a sai na ga an kira Incaj a matsayin shaida. Ya tsaya cikin farar shadda, ya ce makulli a hannuna yake, ya ce ya daɗe yana zargina tun da ya ga na sayi babur, kuma ya sha yi mini nasiha. Har ya share ido da hankici. Mai kemis kuwa ya ce shi fuskata kaɗai ya sani, kuma gaskiya ya faɗa. A lokacin na buɗe baki na faɗi komai, amma ba ni da shaida ko ɗaya. Da aka zo fita da ni Incaj ya wuce ta gabana, ko kallona bai yi ba. Daga baya na ji an mayar da shi wani asibitin.

An ɗaure ni. Mahaifiyata tana zuwa da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ta zauna ta yi kuka ta tafi. Mahaifina bai taɓa zuwa ba. Ta gaya mini ya daina jan salla, ya koma sahun baya. Matata ta koma gidansu, kuma an daina kiran yaron da sunansa na yanka.

Na daɗe a gidan yari babu abin da nake tunani sai Malam Sabi'u. Ina kwana da shi ina tashi da shi, ina ganin ni ne aka ci amana. Sai zazzaɓi mai tsanani ya kama ni, aka kai ni ɗakin shan magani na gidan. Ma'aikacin ya zuƙi allura ya nufo ni. Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba, na tambaye shi mene ne a ciki. Ya ce magani mana. Na dubi sirinjin, ruwa ne fari, ba ni da hanyar sanin gaskiyarsa. Dole na saki hannunsa na miƙa nawa. A kan wannan gado na gane abin da Baba Isiyaku ya miƙa mini, da abin da na mayar masa.

Da wa'adina ya cika na koma gida. Na tarar mata sun rage zuwa asibiti, wasu sun koma haihuwa a ɗaka, masu saran maciji sun koma wurin masu tsatsuba. Sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo tana bi gida-gida tana roƙo, ana ce mata an gode. Ashe ba mutum ɗaya na kashe ba.

Na je gidan Baba Isiyaku na durƙusa a gaban matarsa, Inna Hajara. Nura ya tashi ya bar gidan. Ta ƙarasa tsince waken da ke gabanta. Sannan ta ce, "Nawa haƙƙin na yafe, saboda uwarka. Nasa kuwa, sai kun haɗu."

Yanzu ina noma a gonar mahaifina. An soke takardar aikina, kuma daidai ne. Ina neman gafarar Allah kullum, ban san ko na samu ba.

Ku matasa masu shiga aikin asibiti, ko kula da tsofaffi, ko marayu, ku ji daga bakin wanda ya gani. Wanda aka kwantar a gabanku ba ya iya bincikar ku, shi ya sa aka kira abin amana. Kada ku taɓa ko ƙwayar magani ɗaya da ba taku ba. Idan na sama da ku ya ce ku yi, ku ƙi, ko da kwano ɗaya kuke ci, don ranar da asiri ya tonu hannunku za a nuna. In kuwa kun riga kun yi kuskure, aka kawo muku mai rai a hannun Allah, ku faɗi gaskiya a tafi da shi inda zai tsira. Kunyar rana ɗaya na guje wa, na bar dattijo ya sallami mai mota.