Josiane Mai Kiwon Amiba

A ɗakin gwaje-gwajen da Josiane Barral take aiki a Marseille, duk wanda ya dawo daga hutu sai ya kawo mata tsarabar ruwan datti a kwalba: na kududdufi, na tankin saman bene, na kwatar garin surukai. Tunda take, ba wanda ya taɓa kawo mata turare. Aikinta kiwon amiba, halittun nan da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Takan ciyar da su su yi ɓul-ɓul, sannan ta ɗiga musu ruwan tsaraba. In akwai ƙaton bairas, wato ƙwayar cuta, a ciki, sai ya shige jikin amiba, ya mai da ita masana'antarsa, ya hayayyafa har ta fashe. Manya su buɗe giya su yi murna, ita kuma ta wanke kwanonin.

A gida ma sana'ar ba ta canza ba. Yayanta Firmin ya zo da sunan kwana biyu tun ranar da matarsa ta sallame shi, ga shi yau doguwar kujerar falo ta ɗauki siffar bayansa. Ran Lahadi yakan zaga gidajen ƙannensu, Colette da Nadine, ya ci, ya kushe miya, ya dawo. Ita Josiane burinta ɗaya ne: ta taso daga aiki ta miƙe ƙafa a kujerarta.

"Yaya, yaushe za ka nemi ɗaki?"

"Bari iskar nan ta lafa, ƙanwata. Kin san ƙirjina."

Iskar garin nan kuwa ba ta lafawa.

Wata safiya Dokta Vidal, shugabar sashensu, ta nuna mata wani hoto. "Dubi wannan ɗan tsurut ɗin, shi ma bairas ne. Shi kaɗai bai iya komai ba, sai ya jira ƙaton ya kafa masana'anta, ya tare a ciki. 'Ya'yan ƙaton su fito nakasassu, amiba da yawa su tsira."

Josiane ta daɗe tana kallon hoton. Da ta tashi, sai ta biya ta dandalin da tsofaffi ke jifan ƙwallon ƙarfe, ta nemo Dede, ƙanin tsohuwar matar Firmin, wani siriri da ba a taɓa ganin ya sayi taba ba. Ta ce masa Firmin yana kewarsa.

Washegari Dede ya iso da buroshin haƙori kawai.

"Mijin Yaya!"

"Tsohon miji dai, ɗan banza. Wa ya aiko ka?"

"Zumunci. Matsa mini, tumbin nan ya cinye wurin mutum uku."

Abin ya yi aiki kamar a hoto. Dede ya shanye tabar Firmin, ya gaje silifas ɗinsa, ya riƙe rimot. Firmin ya rame. Yawon Lahadi ma ya daina, don ya san in ya ɗaga, kujera ta tafi. Colette ta bugo waya tana ta zuba godiya. Nadine ta aiko da sabulu mai ƙamshi.

Sai dai babu wanda ya fita. Da sanyi ya shigo, Josiane ta tari Dokta a bakin famfo.

"Madam, ita amibar da su biyun suka shiga fa, yaushe take warkewa?"

"Ita? Ai sau da yawa fashewa take yi. Maƙwabtanta ne ke tsira."

"Ba ki gaya mini ba."

"Ba ki tambaya ba. Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Ta biya bakin tashar jiragen ruwa ta sayi kifi na mutum uku. Ta soya, ta kai musu falo, ta dawo kicin ta zauna a kan ɗan benci, ta ɗora ƙafafunta a kan bokiti.

"Ƙanwata, gishiri ya yi kaɗan!"

"Anti, ni kuwa ya yi mini yawa!"

Ta cire takalmi ɗaya. Ɗayan ta bar shi, tunda dai za ta tashi.