Kantar siminti da kwandon kifin Inna

Na karanta tarihin dauloli daidai gwargwado, har na taɓa koyar da shi zango guda da malamin tarihi ya kwanta jinya, kuma ga hukuncin da na yanke: babu jarrabawar da ke tona asirin ɗan Adam kamar a ba shi kanta mai tsawon kamu shida a cikin kicin, a ce ya zaɓi abin da zai bari a kai da abin da zai ɓoye. Ina ganin 'yan matan yanzu a nan suna ta muhawara, ko injin markaɗe ya zauna a waje, ko a mayar da shi kwalinsa. Ku matso in ba ku nawa labarin.

Shekarun baya, a daminar da aka toshe Kwara a Kainji ruwa ya fara hawa, aka kwashe mu daga gungunmu, wato tsibirin da aka haife ni, zuwa sabon gari a bakin gaɓa tsakanin Yelwa da Ngaski. Kabarin mahaifina na can gungun. Ni kuwa na gama kwalejin horon malamai ke nan, aka ba ni aikin gwaji a sabuwar firamare, ina koyar da lissafi da kula da gida. Aka kuma ba ni gidan malamai, na ɗauko Inna muka shiga.

A kicin ɗin gidan akwai kanta ta siminti a jikin bango, tsayinta daidai ƙugu, a ƙarƙashinta kabad mai ƙofar katako. Ni na san ta, na gan ta a littafi. Inna ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta ce, "Wanga gado na wa?"

Na ce, "Inna, ba gado ba ne. A nan ake girki."

"A tsaye?"

"A tsaye."

"Laihin mi na yi?"

Washegari ta samo duwatsu uku ta kafa murhu a ƙasa, a kusurwa, ta jawo 'yar kujerarta ta zauna kamar yadda ta saba. Kanta kuwa ta zama wurin zube: ƙorai, muciya, ludayi, maburgi, tukunyar miya, ƙullin daddawa. A saman murhu ta rataye kwando. A cikinsa akwai kifin da kawuna ya kamo a makon, da ya koma da kwalekwale ya jefa taru a mashigin gungunmu karo na ƙarshe, lokacin rufin ɗakuna kaɗai ake hangowa. Mutanen ruwa ba su da wani wurin ajiye bandar kifi sai saman murhu. Hayaƙin safe da na yamma shi ke ƙarasa busar da shi, shi ke korar ƙuda. Inna tana ɓantarar kifin nan kaɗan-kaɗan kamar magani.

Ran nan Litinin shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce ran Juma'a wata babbar jami'a mai duba makarantu za ta zo daga lardi. Za ta ga ajina, kuma tunda kula da gida nake koyarwa, za ta leƙa gidana.

"Malama, ki gyara. A kan rahotonta za a tabbatar da ke a nan, ko a tura ki can arewa, wajen iyaka. Sun ce suna neman mata a can."

Da na gaya wa Inna, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Sai ki tahi. Ni an riga an tashe ni sau ɗaya. Daga bakin ruwan ga, inda nike hangen wurin da ubanki yake, ba mai ƙara tashina."

Na san Inna. In ta faɗi magana da wannan muryar, an gama. Ke nan in rahoto ya ɓaci, ni arewa, ita nan ita kaɗai, a garin da ko hanyar kasuwarsa ba ta gama sani ba.

Na ɗauko littafin darasina na kwaleji. Ƙa'idar tana nan da rubutuna, na ja mata layi biyu: abin da ake amfani da shi kullum shi ke zama a kan kanta, saura a adana. A jarrabawa na cinye makin wannan tambayar duka. Sai na ɗauko allo da alli na raba gida biyu kamar mai shirin darasi. A dama, abin da ake amfani da shi kullum. A hagu, wanda ba a yi.

Dama ta cika da kayan Inna, tun daga muciya har dutsen niƙa. Hagu kuwa kayana ne kaf, waɗanda na sayo a Yelwa don a san malama ta zo gari: risho mai lagwani, filas mai jajayen furanni, butar shayi ta tangaran, da injin niƙa na hannu irin wanda ake ɗaurewa a bakin tebur. Injin nan bai taɓa niƙa ko tattasai ɗaya ba, domin kaurin simintin ya fi bakin maɗaurinsa. Risho kuwa tsoronsa nake ji, tun da na ga ya lashe girar wata ɗaliba a kwaleji.

Na daɗe ina kallon allon. Daga nan na yi abin da masana suka saba yi in hujja ta juya musu baya: na gyara ƙa'idar. Ta koma, abin da ya kamata a ce ana amfani da shi kullum.

Talata na kwashe duwatsun murhu na kai bayan gida ƙarƙashin wata bishiya. Na mirgina dutsen niƙa ya bi su. Na kankare baƙin hayaƙi, na shafe bango da farar ƙasa. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ke ɗiyar ga, wagga madafa ta ko asibiti?"

"Kwana uku ne kawai, Inna."

"To ki kula da kihina. Bai gama shan hayaƙi ba."

"Zan adana shi."

"Ni dai ba ni shiga asibitinki sai an sallame ki."

Ta kuwa cika alkawari, ta koma girki a bayan gida. Saura kwando. A bayan gida babu rufi, ga ruwan sama, ga shirwa, ga kyanwar maƙwabta. A cikin kicin kuma, kwando mai baƙin hayaƙi a tsakiyar farin bango ba ya cikin hoton da ke littafi. Sai na naɗe shi da tsohon zane, na tura cikin kabad ɗin ƙarƙashin kanta, na rufe ƙofa ruf. Ni da aka haifa a gungu, na girma hayaƙin banda na shiga mini ido, na sa ɗanyen banda a akwatin siminti a tsakiyar damina. Shekara uku na karatu suka isa su shafe wannan daga kaina.

Kwanakin da suka biyo ban ci abincin kirki ba. Filas kaɗai na canza masa wuri ya fi sau ashirin. In na sa shi a dama sai ya tsone wa risho ido, in na sa shi a hagu sai buta ta zama marainiya. Na auna tazarar da ke tsakaninsu da rula. Na fita na sake shigowa kamar baƙuwa, don in ga abin da ido zai fara sauka a kai. A aji na ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne, yara arba'in suka maimaita da ƙarfi, babu wanda ya musa.

Alhamis da rana na ji wani ɗan wari. Na ce ai tafkin Kainji ne. Lokacin ruwa ya haɗiye gonaki da ciyayi suna ruɓewa, iska na kawo wari iri-iri, kowa ya saba ɗora wa tafki laifi. Juma'a da safe warin ya ƙara girma, na kunna turaren wuta, na ƙara ɗora wa tafki.

Da hantsi motar ta iso. Jami'ar dattijuwa ce, mai tabarau da jakar hannu da littafin rubutu, ba ta da yawan magana. Aji ya tafi lafiya. Muka taho gida, ina gaba tana baya.

Ta tsaya a tsakiyar kicin ta dubi kantar daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ɗaga kan risho, ta leƙa lagwanin, fari fat.

"Malama, rishon nan ya taɓa ganin ashana?"

"Ina... ina tattalinsa ne, Hajiya."

Ta buɗe filas. Takardar da aka cusa masa a kanti tana ciki. Ta mayar ta rufe a hankali. Ta ɗauki injin niƙa, ta gwada maɗaurinsa a bakin siminti, ta dube ni ta saman tabarau, ta ajiye. Ba ta rubuta komai ba, wanda ya fi rubutun tayar mini da hankali.

Sai na ga hancinta ya motsa.

"Tafkin ne, Hajiya," na yi maza na ce.

"Tafkin a cikin kabad yake? Buɗe mu gani."

Ba zan ɓata muku abincin rana da bayani ba. Zanen ya jiƙe, kuma abin da ke cikinsa yana motsi. Turaren wuta ya yi iya ƙoƙarinsa. Na tsaya riƙe da ƙofar kabad ina roƙon Allah ruwan da ya ci gungunmu ya ƙaraso nan ya haɗa da ni.

Warin ne ya kira Inna. Ta leƙo, ta ga kwandon, ta shigo asibitin da ta rantse ba za ta shiga ba. Ba ta gaida baƙuwa ba. Ta durƙusa ta ɗauki kwandon da hannu biyu, ta faɗi wata magana da harshenmu na gungu wadda ba zan fassara ba. Sannan ta ce da Hausa, a hankali, "Shi ke nan na ƙarshe. Babu wani mashigin kuma."

Ta fita da shi bayan gida. Jami'ar ta bi ta, ni ma na bi su, don ban san inda zan sa kaina ba.

Abin da na gani shi ne babbar jami'ar lardi ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga, ta zauna a kan turmin da aka kifa. Su biyu suka shiga tsince kifin, suna ware wanda zai tsira. Kaɗan ne. Inna ta hura wuta, suka jera shi a kan hayaƙi.

"Inna, kwana nawa yake sha kafin ya kama kansa?"

"Da rani huɗu. Da damina sai yadda hali ya yi. Ita ma ta sani. Da hannunta ta sha juya shi tun tana tsawon turmin ga."

"To ya aka yi?"

"Karatu na, Hajiya. Ki rubuta karatu gare ta ƙwarai. Hankalin na tahe, an ce yana hanya."

Jami'ar ta yi dariya, ta farko tun zuwanta. Inna ba ta yi ba. Ta ci gaba da juya kifi ta ce, "In kun tura ta arewa, ku haɗa mata da rishon. Ni dai nan za ta dawo ta iske ni, ko ta iske wurina."

Nan ne jami'ar ta buɗe littafinta ta yi rubutu, layi biyu ko uku. Da za ta shiga mota ta juyo ta ce, "Malama, me littafinku ya ce a bari a kan kanta?"

Na karanto mata ƙa'idar, ta asalin, ba wadda na gyara ba.

Ta ce, "To." Motar ta tashi.

Sati uku na yi ina jira. Duk motar da ta tsaya a bakin makaranta sai na leƙa ta taga. Na mayar da murhu kusurwarsa da hannuna, na mayar da muciya da ƙorai kan kanta, risho da 'yan uwansa suka shiga kabad bayan na wanke shi sau uku da toka. Na fara lissafin wa zan roƙa ya riƙa ɗebo wa Inna ruwa in na tafi. A sati na huɗu takarda ta zo. An tabbatar da ni a nan.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyarwa a wannan yanki, kuma kowace shekara sai na ba ɗalibaina wannan labari. Nakan ce musu kicin na mai girki ne, ba na mai leƙe ba. Nakan ce abin da ya cece ni ranar nan shi ne gaskiyar da ta fito daga kabad ba da sona ba, da maganar Inna a bakin murhu, da layi ukun da jami'ar ta rubuta. Abin da ban cika faɗa musu ba shi ne Inna ba ta sake ambaton kifin nan ba har ta koma ga Allah. Da ta zage ni kullum da ya fi mini sauƙi. Har yau in na ji ƙamshin banda a kasuwar Yelwa sai na ƙara sauri na wuce, kuma har yau ba na iya rufe kabad ban sake buɗewa na leƙa ba.

Bayan na yi ritaya, ina haɗa takardun fansho, takardar tabbatarwar nan ta faɗo. Karo na farko na dubi kwanan watan da ke samanta. Kwana tara kafin jami'ar ta zo aka sa mata hannu.