Darasi na Tara na Hosne Ara

Shekara goma sha ɗaya Hosne Ara ta yi tana ɗinka wuyan riga a wata masana'anta a Gazipur, kusa da Dhaka, kafin gobara ta tashi a bene na uku. Ƙofar a kulle take, ta taga ta diro, ƙafarta ta hagu ta karye. Ni Parul layinmu ɗaya da ita, zazzaɓi ne ya hana ni zuwa aiki ranar. Da ta warke ba ta iya zaman keken ɗinki kamar da, sai wani ƙaramin kamfani a Dhaka mai shirya darussa a waya ya ɗauke ta, ta riƙa duba musu darussan kafin a tura wa masu ɗinki.

Ranar farko shugaban sashen, Mosharraf, ya miƙa mata bidiyo na minti ashirin, wani mai kwat yana ta bayani. Ko rabi ba ta kai ba ta kife wayar.

"Wa zai kalli wannan?"

"Ma'aikata mana, Apa," in ji shi. Haka kowa ke kiranta, wato Yaya, don ta girme mu.

"Hutun awa ɗaya gare mu. A ciki mace za ta ruga gida, ta ci shinkafa, ta ba yaro nono, ta rugo. Wayarta kuma mai maɓalli ce. Wannan mai kwat ɗin, matarsa ma ba za ta saurare shi ba."

A aji takwas ta tsaya a makaranta, amma ta dage sai da aka bar ta ta sake tsarin. Murya kawai, minti uku, abu ɗaya a kowane darasi. Mata biyu suna hira kamar a bakin famfo, a ƙarshe a yi tambaya, ki danna ɗaya ko biyu. In ta gama sai ta kawo mana wurin mai shayi a bakin masana'anta, ta kunna, ta zuba wa fuskokinmu ido. Duk inda wata ta juya tana kallon titi, nan take sa alama ta yanke. Kalmomin littafi kuwa ba ta raga musu. "In uwata ba ta faɗar kalma, ba za ta shiga ba," ta kan ce. Darasi goma ta shirya a kan wuta da hayaƙi da hanyar fita, kuma mata suka riƙa saurara har ƙarshe.

Na taran ne ya jawo rigima. A cikinsa mace ɗaya ke tambayar ɗayar, in kin zo aiki kin ga kwaɗo a ƙofar gudu, me za ki yi? Amsar ita ce kada ki zauna a kan keke sai an buɗe. Masu masana'antun da suka ba da aikin suka ce a cire.

Mosharraf ya kira ta, ya sa aka kawo mata shayi. "Apa, ki fahimta. Tara daga cikin goma ai ba asara ba ce."

"To ka cire na tsintar zare a ƙasa."

"Ba wannan suke nufi ba."

"Na san wanda suke nufi. Ka koya wa mace yadda ake bin layi zuwa ƙofa, ka ƙi gaya mata ƙofar na iya zama a kulle? Ni na bi layin nan, Mosharraf. Na san inda ya tsaya."

Aka fitar da darussan babu shi. Ta ajiye musu katin shiga ofis ta hau bas ta dawo Gazipur. Ranar Juma'a ta zo ɗakina, muka rufe taga saboda ƙarar rikisha, kekunan haya masu ƙafa uku, muka naɗi darasin a wayarta, ita mai tambaya ni mai amsa. Sau shida muna sakewa don dariya na ta kama ni. Daga nan ya riƙa yawo daga waya zuwa waya.

Mosharraf ya bugo yana cewa darasin mallakar kamfani ne.

"Muryata ce da ta Parul," ta ce. "Zo ka karɓa."

Bayan wata biyu, wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofar gudu, mu arba'in da wani abu muka tsaya a benenmu, muka ƙi zama. Mai kula da layi ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Kafin ƙarfe goma aka kawo mabuɗi. A ƙarshen watan aka sallami mu uku, har da ni, wai aikinmu ya yi sanyi.

Na je na gaya mata ina kuka. Ba ta ba ni haƙuri ba. Ta zuba min shinkafa da kifi, ta ce in ci, akwai wata ƙungiyar mata a Tongi da ke son darasi a kan ciki da hutun haihuwa, kuma tana neman murya ta biyu. Tare muke aikin har yau. Ta fi kowane mai kula da layi da na taɓa aiki da shi masifa.