Ranar da salulolin ƙauyenmu suka yi kuka tare

A da rumfata tana bakin kasuwar Filinge, kusa da masu gishiri. Pano biyu na wutar hasken rana bisa rufi, batir ɗin mota a ƙasa, sai tabarma da nake jera salulolin mutane, wato wayoyin hannu, ina yi musu sharji. Yau kowane gida da ɗan panonsa, ba mai nemana. Wallahi ina kewar wurin nan, har ƙaurin wayoyin da suka yi zafi.

Mutanen ƙauyenmu suna da wata al'ada da ta ishe ni. In sun zo cin kasuwa sai su aje salula, da la'asar su kama hanya ba tare da ita ba. Wai a bar ta ta kwana ta ƙoshi, gobe mai taksi ya kai musu. Na yi bayani har na gaji, cewa in ta cika ta cika. Ina! Inna, ƙanwar uwata da ta goye ni, ita ce shugabarsu. «Kai ɗan nan, ko jaki ba a ɗauke mai dusa yana cikin ci.»

A wata damina ne ma'aikatan wani proje suka kafa ƙarfe can arewa cikin ƙoramar da ake ƙetarewa kafin a shiga garinmu. Akwai ɗan akwati a kansa mai auna ruwa. Sun ce manyan na'urori a Yamai suna duba hadari, amma in ruwa ya taso akwatin ba ya jiran kowa, da kansa yake kiran duk lambar da aka ba shi. Mutanenmu kaf suka ba da lamba, har masu bori, don ƙoramar nan mun san halinta. Sai ka gan ta busasshiya, rairayi fari fat, a yi ruwa wajen Sanam, kai ba ka ga ko ɗigo ba, ta zo ta share abin da ta tarar.

Ran nan kasuwa ta fara watsewa, sama garau, ina shan shayi. Sai salulolin da ke bisa tabarmar suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Wannan da wa'azi, wannan da goge, waccan da kukan zakara, duk lokaci guda. Na ɗauki ta Inna, mai ɗaure da kyauro. Muryar mace, a natse: ruwa na tafe daga arewa, kada kowa ya shiga ƙorama.

Na dubi tabarma. Duk wanda ake son ya ji yana bisa hanya, kunnensa kuma yana nan gabana. Inna tana cikin amalanken shanu da ta tashi tun ɗazu, ita da matan unguwarmu.

Ban rufe rumfa ba, ban sa takalmi ba. Moton maƙwabcina mai gishiri, wato babur ɗinsa, na fizga, yana bina da «Lahiya? Lahiya?» Hanyar rairayi ce, moto na ta wutsil-wutsil, na faɗi, na tashi, gwiwa na jini. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ina kuma zagin mutanen garinmu ɗaya bayan ɗaya, da sunan uban kowa.

Na iske amalanken ta riga ta gangara, shanun na jan ƙafa a tsakiyar rairayi. Na tsaya a gaɓa ina ihu su fito. Inna ta waiwayo a hankali.

«Ba sallama, ba gaisuwa? Mi ya kore ka?»

«Inna, ruwa! Ku sabko!»

Ta ɗaga kai ta dubi sama, matan suka yi dariya. Na gangara da gudu na sungume ta kamar buhun hatsi, tana dukan bayana tana cewa na haukace. Ganin haka sauran suka diro. Mai amalanken ya kwance shanunsa yana gunaguni. Muna hawa gaɓa muka ji ƙugi, sai ga ruwan jajir, da itace da kumfa. Amalanken ta juya sau ɗaya, ta tafi da gishiri da sabulu da turmin atamfar da Inna ta saya.

Can Inna ta gyara ɗankwali ta dube ni sama da ƙasa.

«To ina salulata? Hannu banza ka taho?»

Na yi dariya har hawaye suka biyo, na kasa tsai da su. Ƙetarewa dai babu a ranar, dole a koma Filinge a kwana. Inna ba ta taɓa hawa moto ba, amma ta hau bayana ba musu. Ta damƙe rigata da hannu biyu, ta kifa fuskarta a bayana, muka tafi sannu-sannu. Haka ta riƙe ni har muka shiga gari, kuma ko da na kashe moto a ƙofar gidana ba ta sake ni ba.